Istifanus na Bencin Baya Ya Tafi

Da safiyar nan labari ya iske ni. Istifanus ya rasu.

Markus, babban ɗansa, shi ya kira ni. Ya ce, "Baba Habila, abokinka ya huta." Na ce to. Na zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa har shayina ya huce.

Ya tafi, kuma har yau ba wanda ya amsa mini tambayar da nake yi tun kaina yana baƙi.

Ni ban yi boko ba. Kowa ya sani, an sha tuna mini. 'Yata Rifkatu ce ke danna wayar nan, amma maganar tawa ce. Na gaya mata ko kalma ɗaya ta cire, ni da ita ne.

A kiran nan, Markus bai kashe waya nan take ba. Ya yi gyaran murya, ya ce, "Baba, akwai wata magana. Fasto ya ce da wuya a shigar da gawa cikin majami'a. A ƙofa za a yi addu'a, a wuce makabarta. Wai har yanzu sunansa yana ƙarƙashin horo. Kwamiti za su zauna da yamma, gobe jana'iza."

Shi ya sa nake wannan fostin. Ba don a ce Allah sarki a wuce ba.

Ga waɗanda ba namu ba, bari in gaya muku horo. In mutum ya yi laifi a ikkilisiya, sai a mai da shi bencin baya. Ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da kofin da ake raba wa masu bi a majami'a, ba ya addu'a a gaban jama'a, sai ranar da ya miƙe ya ce ya tuba, a karɓe shi. Na ga mazinata sun shiga horo sun fito. Na ga wanda ya ci kayan marayu ya shiga ya fito, har ya zama dattijo. Istifanus ya shiga yana matashi mai 'ya'ya biyu, ya mutu da jikoki bai fito ba.

Me ya yi? Ya ba albasa ruwa.

Ku saurara.

Tare muka baro ƙasar Zuru, ni da shi, muka zo leburanci a wani kamfanin hanya a gefen Shagari. Lokacin farar hula ne, ɗan garin ne ke mulkin ƙasa, mu kuwa muka ɗauka ko karen garin shinkafa zai ci. An ɗan sha daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Har rediyo na saya.

Sai ostariti ta shigo, gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Sabulu sai layi, sukari sai layi, madara sai wanda ya san wani. Wata safiya kamfani ya kwashe katafilarsa ya bar mu tsaye da shebur a hannu. A shekarar kuma ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya tsaya a kara bai yi ido ba. Komawa gida ma ba abin da za mu koma mu tarar.

Wanda ya rufa mana asiri wani manomi ne a wajen Lambara, Malam Umaru. Musulmi ne, ba shi da komai sai lambunsa a fadama. Ya ga muna zaune a gindin bishiyar bedi kullum, ya ce, "Ku baƙi na, kuma talakawa na awa ni. Ga ƙasa nan gefen tawa, ku dasa albasa, zama ba ya cika ciki."

Rijiya ɗaya ce a wurin, masu lambu da yawa, kowa da ranarsa. Ba inji a lokacin. Jigo ne, doguwar sanda mai dunƙulen laka a gindi da guga a kai, ka danna ka ɗago, ka danna ka ɗago, har kafaɗa ta daina jin taka ce. Ga fari, ruwan ya yi ƙasa. Ka ja kaɗan ya ƙafe, ka zauna ka jira ya taru. Ranarka ta wuce ka, sai wani mako.

Da aka zo rabon rana, Malam Umaru ya ce, "Ku ranakku ta Allah Lahadi ta, tawa Juma'a ta. Ku ja Juma'a, in ja Lahadi. Kowa shi ba Allah hakki nai, albasa ta sha ruwa."

Haka muka yi, lafiya lau. Ranar Juma'a shi yana masallaci, mu muna kan jigo. Ranar Lahadi mu muna sujada a wani ɗakin langa-langa da kamfani ya bari, shi yana kan jigo. Mu 'yan kaɗan ne, leburori, 'yan sanda biyu da matansu, wata nas, da wani malamin makaranta.

Sai ƙaddara ta faɗo. Sandar jigo ta karye, dunƙulen lakar ya sauka wa Malam Umaru a baya. Aka ɗauke shi a kan ƙyauren ƙofa. Dashensa bai daɗe a ƙasa ba. 'Ya'yansa ƙanana, ƙanensa ya tafi ci-rani kudu. Ruwan Juma'armu bai isa fangali biyu ba, wato dashenmu da nasa, mun gwada. In ba a ja ranar Lahadi ba, albasarsa ta mutu, in ta mutu gidan ya watse, don ba hatsi a rumbu.

Na ce wa Istifanus mu riƙa yin karɓa-karɓa, wannan Lahadi kai, waccan ni. Ya ce, "A'a. Kai ka tafi sujada, kai ke ɗaga waƙa. Kuma kai mai baki ne, in aka taɓa ka sai ka rushe ɗakin."

Ya san ni.

Mai bisharar da ke lura da mu yaro ne sabon fitowa daga makarantar Littafi. Ba zan kama sunansa ba, ya rasu, 'ya'yansa suna nan. Ba mugu ba ne. Tsoro yake kada a ce Kiristan wurin nan ba su san ranarsu ba, mu da muke 'yan tsiraru kowa na kallonmu. Na gane wannan. Amma gane abu daban, yarda daban.

Ya sa aka kira Istifanus gaban jama'a.

"Ɗan'uwa, an ce an gan ka a kan jigo ranar Ubangiji."

"Ba a yi ƙarya ba, Malam."

"Albasarka ta fi maka Allah?"

"Ba tawa ba ce. Ta Malam Umaru ce, yana kwance."

"To ka ce ka tuba, ba za ka ƙara ba, a wuce wurin."

Istifanus ya sunkuyar da kai, yana murza hularsa. Ya ce, "Malam, in na faɗi haka na yi ƙarya a gidan Allah. Lahadi mai zuwa ma zan ja, in bai tashi ba."

Nan na miƙe. Na ce, Malam, da kunnen nan nawa na ji ka karanta mana cewa ko dabbar mutum ce ta faɗa rijiya ranar hutu, ai fid da ita ake yi.

Ya miƙo mini Littafin. Ya ce, "Buɗe ka nuna mana wurin."

Ya san ban san baƙi ko ɗaya ba. Na tsaya riƙe da Littafin, ashe ma a juye na riƙe. Matar ɗan sanda ta toshe baki da mayafi. Mai bishara ya karɓe abinsa, ya ce, "Kuma albasa ba jaki ba ce."

Na ce, albasa ba jaki ba ce, amma 'ya'yan Umaru ci suke yi.

Ya ce in zauna. Aka mai da Istifanus bencin baya.

Daga ranar ni ma ban ƙara miƙa hannu ga Jibi ba. Ba wanda ya hana ni. Na ce teburin da abokina bai isa ba, ni ma ban isa ba.

Yanzu ga abin da ke cina.

Malam Umaru ya tashi. Albasa ta yi kyau, ita ta riƙe gidansa har damina. Ranar da aka cire, ya ɗoro buhu guda a kan jaki ya kawo wa Istifanus, ya ce, "Wanga naka na, ba kyauta ta ba, guminka na." Istifanus kuwa, da yake shi ne shi, ko lawashi bai tsinka ba. Ya ɗauki buhun a ka ya kai baikon godiya ɗakin sujada.

Aka karɓa.

Aka ja buhun har gaban bagadi. Mai bishara ya ɗora hannu a kai ya yi addu'a mai tsawo. Aka raba, gidansa ma aka kai, matarsa ta yi miya. Mai ban ruwan yana can baya kusa da ƙofa, yana cewa amin.

Tun ranar nake tambaya: yaya albasa ta tsarkaka, wanda ya ba ta ruwa bai tsarkaka ba?

Sojoji suka karɓi mulki, aka kori wasu daga aiki, aka yi wa wasu canjin wuri. Mai bishara ya tafi. Ɗakin langa-langa ya koma wurin ajiye awaki. Ni na samu gadi a Bodinga, shi ya zauna a lambu. Muka koma wata majami'a inda ba wanda ya san zancen. Na ce masa, kai, wa ya sani? Ka yi shiru ka ci abinka. Ya ce, "Mai teburin ya sani." Da ƙafarsa ya je ya gaya wa dattawa yana ƙarƙashin horo.

Fasto bayan fasto, ba wanda ban je wurinsa ba. Wannan ya ce za a duba. Wancan ya ce sai wanda ya ɗaura zai kwance. Wani mai kirki ya je har lambu, ya ce, "Baba, kalma ɗaya ce, ka ce na tuba, shi ke nan." Istifanus ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da zunubai da yawa, wanda kake so in tuba a kai ka zaɓa. Ban da wannan." Faston ya kai maganar mitin, dattawa suka ce ƙa'ida ce, in aka buɗe wa wannan, gobe kowa zai buɗe shago ranar Lahadi ya ce jakinsa ne ya faɗa rijiya.

Har suna aka sa mini. Baba Albasa. In na ɗaga hannu a taro sai ka ji samari suna raɗa, "Ga shi nan, za a yi kuka." Na ji ku. Ban kurumce ba tukuna.

Kuma kowace shekara gidan Malam Umaru suna aiko da buhu, shi yana raye da bayan ransa. Kowace shekara Istifanus ya kai. Kowace shekara a karɓa, a tafa.

Na gaji. Wallahi na gaji, ko da yake an ce Kirista ba ya rantsuwa. Rifkatu, bar shi yadda na faɗa.

Abin da ya fi ba ni haushi, shi mutumin bai yi fushi ba.

Shi ne farkon zuwa ranar Lahadi a kan tsohon kekensa. Ya share, ya jera benci, ya cika randa. In yaro ya yi kuka, uwar ta miƙa baya, Istifanus ya karɓa ya fita da shi. Rabin matasan da ke zaune a kwamitin yau a kafaɗarsa suka yi barci, wasu har fitsari.

Ranar Jibi, in an tashi, shi ke wanke 'yan kofunan nan. Ɗaya bayan ɗaya, ya goge ya jera a tire. Kofin da bai isa ya kai bakinsa ba. Na ce masa, kai ba ka da zuciya ne? Ya ce, "Wani dai zai wanke. Kuma bencin baya ma cikin gidan Allah yake, Habila. Iska ma ta fi shiga nan."

Lokacin da matata Ladi ta yi doguwar jinya, shi ya riƙa goya ta a keke zuwa asibiti, ni ina biye a ƙasa. Da ta rasu, na ce na daina zuwa sujada gaba ɗaya. Bai yi mini wa'azi ba. Kullum Lahadi sai ya zo ya jingine keke a ƙofata ya zauna yana ɓare gyaɗa, har kunya ta sa in ɗauki hula.

In yana ban ruwa waƙa yake yi. Muryarsa ba daɗi, kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Kowane guga da baitinsa. Makiyaya sun san shi, in sun biyo da shanu sai ya cika musu kwamin shan ruwa kafin ya ci gaba da nasa.

Ganina da shi na ƙarshe, kwanan baya ne. Na hau mashin na je. Na same shi kwance a tabarma a inuwar ɗaki, ƙafafu sun kumbura. Ya ce, "A'a, Baba Albasa da kansa." Shi kaɗai nake bari ya kira ni haka.

Na zauna. Muka yi zancen tsadar taki, muka zagi gwiwoyinmu. Can na ce, Istifanus, tsakaninka da Allah, abin nan bai taɓa yi maka zafi ba?



Ya ce, "Yana yi. Duk ranar da tiren ya zo ya wuce ni, yana yi. Ranar da Markus ya fara ci bayan baftisma, fita na yi na tsaya bayan ɗaki."

Ban taɓa jin ya faɗi haka ba.

Sai ya ce, "Amma bari in gaya maka. Lahadin farko da na hau jigon Umaru, iska ta kawo mini waƙarku daga ɗakin langa-langa. Na ji muryarka a sama, kamar kullum kana gaba da kowa. Na kama ina bi ina ja. Ruwa yana bin kwari yana shiga fangalin mutumin da ke kwance, ƙasa tana sha har da ƙara. Habila, ban taɓa yin sujada irin ta ranar ba. Na san Yesu yana wurin. Tun daga nan na gane duk inda aka ajiye ni akwai guga. Shi ya sa ba zan iya cewa na tuba ba. Kamar in ce ban gan shi ba ne."

Ya gyara kwanciya.

Ya ce, "Kai kuma ba a hore ka ba, kai ka hori kanka. Ni da aka yi wa na sauke tun tuni, kai kana ɗauke mini kaya ba lada. Ka je ka ci Jibi kafin ka mutu, tsoho. Ka ci, ka ɗan jiƙa baki a madadina."

Na ce sai ranar da ka shiga gaba.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Taurin kanka zai riga ka shiga kabari."

Da zan tafi ya sa aka ƙulla mini albasa a leda. Tana nan a kicin ɗin Rifkatu, na hana a taɓa.

Ɗazu na sake kiran Markus. Ya ce Sani, ɗan marigayi Malam Umaru, ya riga kowa isowa, shi da ƙannensa, da diga da shebur. Suka ce a nuna musu inda za a haƙa. Da Sani ya ji zancen ƙofa, ya ce, "Mu ba mu san dokakku ba, ba mu shiga. Amma mun san shekaran nan da ba don shi ba da mun watse. Ku hwaɗa muna inda za a kai shi, bisa kai muka ɗaukar shi."

Wanda aka ba ruwa ya sani. Ƙasa ta sani. Mu ne kawai ba mu sani ba.

Ya Ubangiji Yesu, ga bawanka Istifanus. Ka san kafaɗarsa, ka san tafin hannunsa. Ka zaunar da shi a teburinka, inda ba gaba ba baya, ka miƙa masa kofin da hannunka. Ka ta'azantar da Markus da ƙannensa da jikoki, da gidan Malam Umaru da suka yi rashin uba na biyu. Ni kuma ka sassauta mini wannan dutsen da ke ƙirjina, don na tsufa da ɗaukarsa.

Duk wanda ya karanta, ya yi masa addu'a, ya yi wa iyalinsa. Musulminku da Kiristanku, shi bai taɓa tambayar albasa addinin mai ita ba. Ku sa 'yan kwamiti ma a ciki, suna bukata.

Ku kuma dattawa, na san kuna da waya, na san 'ya'yanku za su nuna muku. Ba faɗa na zo yi ba, ƙarfin faɗa ya ƙare. Gobe in kun buɗe ƙofa kun shigar da shi har gaba, Lahadi mai zuwa zan miƙa hannu in ci Jibi kamar yadda ya roƙe ni, ba za ku ƙara jin bakina ba. In kuwa a ƙofa za ku ajiye shi, ku fito mini da benci ɗaya, na baya, a nan za ku same ni kusa da akwatinsa.

Amma kafin ku zauna da yamma, wani a cikinku ya amsa mini. Kada ku ce in buɗe in nuna, kun san ban iya ba. Ku kuka iya, ku buɗe ku nuna mini.

Buhun albasarsa ya shiga har gaban bagadi kowace shekara, kun ɗora masa hannu kun ce amin. Shi me zai hana shi shiga sau ɗaya?

Ina nan zaune, waya tana hannun Rifkatu. Ina jira.